Jaririn Da Bai Yi Kuka Ba: Ko Iskar Ɗakin Tiyata Za Ta Ceci Ƙwaƙwalwarsa?

  

Duk wadda ta taɓa zama kusa da mai naƙuda ta san ɗan shirun nan da ke biyo bayan faɗowar jariri, lokacin da kowa ke kasa kunne yana jiran kuka. Idan ya tsala kuka sai hamdala da guɗa. Idan kuwa shirun ya yi tsawo, sai ka ga hankalin ungozoma ya tashi, domin ta san abin da ke faruwa a cikin kan yaron a daidai wannan lokaci zai iya bin sa har ƙarshen rayuwarsa. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 39 ba sa cika wata guda a duniya, kuma rashin yin numfashi a lokacin haihuwa yana sahun gaba cikin dalilan. Waɗanda suka rayu ma, wasunsu sukan tashi da farfaɗiya, ko rashin iya zama da tafiya, ko jinkirin magana da fahimta.

Shekaru da dama ke nan masana suna neman maganin da za a ba irin wannan jariri don rage ɓarnar. Ɗaya daga cikin wuraren da suka sa ido shi ne iskar nan da ake shaƙa wa mutum a ɗakin tiyata don ya yi barci. A wannan makon za mu duba inda binciken ya kwana, sannan mu dawo gida mu ga abin da ya rage a hannun iyaye a Minna da kewaye.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu

A jikin babban mutum, nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ga ci, ga kuma rashin ajiya. Tsoka tana iya jure rashin iska na ɗan lokaci, shi ya sa ƙafarka za ta yi sanyi idan ka daɗe a zaune a kanta, ka miƙe ta dawo daidai. Ƙwaƙwalwa kuwa abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Idan aka yanke mata iska gaba ɗaya, cikin 'yan daƙiƙu mutum zai suma, bayan minti huɗu zuwa biyar kuma ƙwayoyinta su fara mutuwa.

Jariri a ciki ba ya shaƙar iska da huhunsa. Ta mabiyiya da cibiya yake samun oksijin daga jinin uwarsa. Duk sanda ciwon naƙuda ya murɗa, jinin da ke zuwa masa yakan ragu na ɗan lokaci, ciwon ya lafa ya dawo. Allah Ya halicci jariri mai lafiya da ƙarfin jure wannan. Matsalar tana zuwa ne idan naƙuda ta yi tsawo fiye da kima, ko kan yaron ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ya zo a gicciye, ko cibiya ta riga shi fitowa ta matse, ko mabiyiya ta ɓalle tun kafin haihuwa, ko uwa ta zubar da jini, ko hawan jini ya kai ta ga jijjiga. Haka nan allurar ƙara naƙuda da wasu ke yi a gida ba bisa ƙa'ida ba, da jiƙe-jiƙen da ake ba mace don ta haihu da wuri, suna iya sa mahaifa ta yi ta murɗawa babu hutu, yaron ya rasa sararin da zai sami jini.

Wutar ƙaiƙayi

Abin da likitoci suka gano, wanda kuma shi ne tushen duk wannan bincike, shi ne ɓarnar ba a tashi ɗaya take aukuwa ba. Kashi na farko yana faruwa a lokacin da iskar ta yanke. Bayan an samu jariri ya fara numfashi, sai abubuwa su lafa na kimanin awa shida, har a ga kamar an tsallake. Daga nan sai kashi na biyu ya taso, ya yi ta ci har kwana biyu ko uku. Kamar wutar ƙaiƙayi ce, sama ta mutu amma tana ci ta ƙarƙashi. Shi ya sa za ka ji an ce yaro ya farfaɗo da safe, amma da dare ya fara fizge-fizge.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar wasu sinadarai, babba daga cikinsu shi ne gulutamet. A jikin kowace ƙwaya akwai 'yan ƙofofi, ciki har da wadda masana ke kira NMDA. Idan gulutamet ya taɓa ƙofar sai ta buɗe, sinadarin kalsiyam kaɗan ya shiga, saƙo ya wuce, ƙofa ta rufe. Da wannan yaro ke koyo, da shi yake riƙe abin da ya koya. To idan iska ta yanke, ƙwayoyin sukan rasa ƙarfin kwashe gulutamet bayan ya gama aikinsa, sai ya taru ya yi yawa, ƙofofin su tsaya a buɗe.

Mutanen Jihar Neja ba sa buƙatar dogon bayani a kan abin da ke biyo baya. Ruwan madatsar Shiroro idan ana sakinsa daidai gwargwado, wutar lantarki yake ba mu. Ranar da ya fi ƙarfin madatsar aka buɗe ƙofofi, gonakin da ke ƙasa ne ke shan wahala. Haka kalsiyam yake yi wa ƙwayar ƙwaƙwalwa idan ya kwararo babu iyaka: ya lalata injinan da ke samar mata da ƙarfi, ta kumbura, daga ƙarshe ta mutu. Wasu ƙwayoyin ma da suka ji rauni kaɗan, bayan kwana ɗaya ko biyu su da kansu suke kashe kansu.

Waɗannan awanni shida na lafawa su ne masana suka ɗauka a matsayin dama. Tambayarsu ita ce, me za a yi a cikinsu don a hana wutar sake tashi?

Ta ina iskar tiyata ta shigo?

Tun ranar 16 ga Oktoba, 1846, da aka nuna wa likitoci a birnin Boston na Amurka cewa ana iya shaƙa wa mutum wani sinadari a yi masa aiki bai ji zafi ba, ake ta inganta irin waɗannan magunguna. Na zamaninmu sun haɗa da halotan, wanda asibitocinmu suka daɗe suna amfani da shi, da aisofuluren da sebofuluren. Ruwa ne a kwalba, na'ura ce ke mayar da shi tururi, a gauraya shi da oksijin, marar lafiya ya shaƙa.

Dalili biyu ne suka sa aka yi zaton za su taimaki ƙwaƙwalwar da ta rasa iska. Na farko, suna rage mata aiki, idan aiki ya ragu kuwa buƙatar oksijin ma ta ragu. Duk mai ƙaramin janareta ya san wannan dabara: idan mai ya kusa ƙarewa sai a kashe firij da dutsen guga a bar ƙwan fitila ɗaya, sai man ya kai ka asuba. Na biyu, a gwaje-gwajen da aka yi kan ɓeraye an ga cewa shaƙar waɗannan magunguna kafin yankewar iska, ko jim kaɗan bayanta, tana sa ƙwayoyin su tayar da wasu hanyoyin kare kai da suke da su tun asali, ɓarnar ta ragu.

Amma wadda ta fi jan hankali ita ce wata iska mai suna zenon. An gano ta a 1898 a Landan, aka fara sa mutum barci da ita a 1951 a Amurka. Ba ta da launi ba ta da wari, tana fita daga jiki da sauri, kuma ba ta cika taɓa bugun zuciya da ƙarfin jini ba. A 1998 masana a jami'ar Imperial College da ke Landan suka gano cewa zenon tana toshe ƙofar nan ta NMDA. Ke nan ga iskar da ke iya rage kwararar kalsiyam tun daga bakin ƙofa. Da aka gwada ta a kan jariran ɓeraye da na aladu da aka rage musu iska, sai aka ga ƙwaƙwalwarsu ta fi ta waɗanda ba a ba su ba lafiya.

Aibinta shi ne tsada. Tana cikin iskar da muke shaƙa, amma ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan goma ba, don haka tace ta aiki ne mai cin kuɗi, kuma sai da na'ura ta musamman da ke maido da wadda marar lafiya ya fitar don kada ta salwanta.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Kafin mu ga yadda zenon ta kaya a jikin ɗan Adam, sai mun ambaci maganin da ya riga ta, wato sanyaya jiki. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, jaririn da ya sha wahalar rashin iska ana kwantar da shi a kan wata katifa ta musamman cikin awa shida da haihuwa, a sauke zafin jikinsa zuwa digiri 33.5 a ma'aunin Salshiyas, a riƙe shi a haka har awa 72, sannan a ɗumama shi sannu a hankali. Manyan bincike na 2005 da 2009 sun nuna hakan yana rage naƙasa. Sai dai ba kowa yake tsira ba, shi ya sa aka so a haɗa da zenon.

A 2010 aka fara ba wani jariri zenon tare da sanyaya jiki a birnin Biristol na Ingila. Bayan haka aka yi gwaji a kan jarirai 92 a asibitocin ƙasar, rabi aka sanyaya su kawai, rabi aka ƙara musu zenon na tsawon awa 24. Sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna iskar ba ta cutar da su ba, amma hoton ƙwaƙwalwarsu bai nuna ta ƙara musu komai ba. Ɗaya daga cikin dalilan da ake zato shi ne an makara, domin yawancinsu sai da suka kai kusan awa goma da haihuwa kafin a fara ba su.

A shekarar dai, likitoci a ƙasar Finlan suka fitar da sakamakon gwaji a kan manya 110 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su. Hoton na'urar MRI ya nuna waɗanda suka shaƙi zenon sun fi samun sauƙin rauni a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Amma bayan wata shida, ba a ga wani tabbataccen bambanci ba a yawan waɗanda suka rayu ko waɗanda suka koma harkokinsu. Don haka har yau zenon tana matakin bincike, kuma babu ƙasar da ta mayar da ita maganin yau da kullum ga jarirai. Ana kuma gwada wata 'yar'uwarta mai araha, argon, amma akasari a kan dabbobi.

Shi kansa sanyaya jikin akwai darasi a cikinsa gare mu. A 2021 aka fitar da sakamakon wani bincike a kan jarirai 408 a Indiya da Siri Lanka da Bangaladesh, ƙasashen da yanayin haihuwarsu ya fi kama da namu. A can sanyaya jiki bai rage naƙasa ba, mace-mace ma sun fi yawa a cikin waɗanda aka sanyaya, kashi 42 cikin 100, sauran kuwa kashi 31. Masanan sun yi zaton yawancin yaran sun daɗe suna shan wahala tun suna ciki, ta yadda awanni shidan nan sun wuce tun kafin a haife su. Masana suna ta muhawara a kan wannan sakamako, amma abu ɗaya babu jayayya a kansa: kada wani ya ji an ce Turawa na sanyaya jarirai ya ɗauko ƙanƙara ko ruwan randa a gida. Sanyin da ba a auna shi ba kashe jariri yake yi.

Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki

Mai karatu, idan ka lura, duk waɗannan magunguna masu tsada ƙoƙari suke su rage ɓarna bayan ta auku, kuma duk abin da ke kayar da su shi ne makara. Abin da aka tabbatar yana hana ɓarnar tun farko kuwa, iskar nan ce ta Allah da muke shaƙa kyauta, idan an shigar da ita huhun jariri a cikin minti ɗaya da haihuwarsa.

Kimanin jariri ɗaya cikin goma yana buƙatar taimako kafin ya fara numfashi. Yawancinsu da an goge musu jiki da busasshen zane mai tsabta, an shafa bayansu, sai su yi kuka. Wanda bai yi ba, sai a ɗora masa 'yar roba a hanci da baki, a riƙa matsa wata jaka ana hura masa iska har huhunsa ya buɗe. Jakar ba ta buƙatar wutar lantarki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga jaririn da ya cika watanninsa, da iskar ɗaki ake farawa, ba sai da tukunyar oksijin ba. Tun 2010 ake koyar da ma'aikatan lafiya wannan aiki a ƙasashe da dama har da Najeriya, kuma suna kiran lokacin da sunan minti na zinariya.

Yanzu ka auna da abin da akan yi a gida. A riƙe yaro ta ƙafa a juya kansa ƙasa, a mammare shi, a watsa masa ruwan sanyi, a buga kwano kusa da kunnensa. Babu ɗaya daga ciki da ke shigar da iska huhu, lokaci kawai suke ci. Idan duk sun gaza sai a fita neman Keke Napep, kuma daga Maitumbi ko Kpakungu zuwa asibiti, komai saurin direba, mintin nan ya daɗe da wucewa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake nacewa a haihu a gaban ƙwararriya. Ko haihuwar ta goma ce, ko duk na baya a ɗaki aka yi su lafiya, babu mai iya faɗa tun da wuri wane jariri ne zai zo bai yi kuka ba.

Tsoron a yi aiki

Akwai wata hanya da maganin sa barci ya riga ya tabbata yana ceton ƙwaƙwalwar jarirai a kullum, a nan asibitocinmu. Shi ne yake ba likita damar ciro yaro ta hanyar tiyata kafin wahala ta yi masa illa. Idan ma'aikaciya ta saurari bugun zuciyar ɗan tayi ta ji yana sauka, ko ta ga ruwan faya ya fito kore, to yaron yana neman agaji, kuma daga nan kowane minti yana da daraja.

A nan ne sau da yawa ake asarar lokaci. Maigida ya yi tafiya wayarsa ba ta shiga, babu mai sa hannu. Ko a ce sai an jira Hajiya ta zo. Ko a ce a ƙara mata lokaci, ai uwarta goma ta haifa ba a taɓa yanka ta ba. Wasu kuma tsoron barcin suke yi, wai kada ta ƙi farkawa. To ku sani, yawancin tiyatar haihuwa a yau da allurar baya ake yi, wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafa kawai. Uwa tana farke, da kunnenta za ta ji kukan ɗanta. Barcin gaba ɗaya sai idan larura ta sa, kuma akwai ma'aikaci na musamman da ba shi da wani aiki sai lura da numfashinta da bugun zuciyarta har a gama.

Haka iyayen da aka ce za a yi wa ƙaramin ɗansu aiki, kamar na ƙaba, sukan tambaya ko iskar barci tana taɓa basira. Tambaya ce mai tushe. A Disambar 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa barcin da ya wuce awa uku, ko wanda aka maimaita sau da yawa, zai iya shafar ƙwaƙwalwar yaron da bai kai shekara uku ba. Amma wani bincike a kan jarirai 722, wanda aka fitar a 2019, ya nuna barcin da bai kai awa ɗaya ba bai rage basirarsu ba da aka auna su suna shekara biyar. Saboda haka aikin da ya zama dole kada a fasa shi don tsoro. Ku tambayi likita tsawon lokacin da zai ɗauka, da ko jinkirta shi yana da haɗari, sannan ku bi shawararsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

A Minna muna da Babban Asibiti, da Asibitin Mata da Jarirai na Jummai Babangida Aliyu, da Asibitin Ƙwararru na IBB, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida. Farfesa Hippolite Amadi, wanda ya ci kyautar kimiyya ta Najeriya a 2023 saboda na'urorin taimaka wa jarirai numfashi masu aiki da hasken rana, ya yi aiki da sashen jarirai a nan Minna. A Nuwambar 2024 kuma Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata masu ƙaramin ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa. Ku tambaya tun a wajen awo ko asibitinku yana ciki da kuma yadda ake shiga.

Uwargida, ki riƙe awo da muhimmanci, a duba jininki da hawan jini da kwanciyar yaro. Ki tambayi inda za ki haihu: suna aiki da dare? Suna da jakar hura wa jariri iska? Idan abu ya gagara, ina suke tura mace? Daga wata na bakwai ki san yadda ɗanki ke motsi, ranar da kika ji motsin ya ragu ko ya tsaya kada ki kwana a gida. Kunyar haihuwar fari kada ta sa ki ɓoye ciwo har gari ya waye. Naƙudar da ta kai awa goma sha biyu, zubar jini, ruwa kore, fitowar hannu ko cibiya, matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi, duk na asibiti ne nan take.

Maigida, naka aikin ya fi sauƙi amma shi ne akan bari. Ka tanadi kuɗi tun cikin yana wata shida. Ka riƙe lambar direba biyu da za su tashi ko ƙarfe biyun dare ne. Ka san 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Idan kai matafiyi ne, ka faɗa wa iyalinka da mahaifiyarka a sarari cewa ka ba da izinin a kai ta asibiti, a kuma yi mata aiki idan likita ya ce a yi, ka naɗa wanda zai sa hannu a madadinka. Mazauna Paiko da Kuta da Beji da sauran garuruwan da ke nesa, idan an ce cikin yana da haɗari, gara ta dawo wajen dangi a cikin gari kafin watan haihuwa ya kama.

Idan abin ya riga ya faru

Jaririn da ya yi jinkirin kuka, ko da ya farfaɗo, yana buƙatar idon ma'aikatan lafiya na aƙalla kwana uku, saboda wutar ƙaiƙayin da muka ambata. Kada a matsa a sallame ku don shirin suna. Ku lura da ƙin kama nono, da saki ko sanƙarewar jiki, da yawan barci, da kuka mai ƙara sosai ko marar ƙarfi. Jijjigar jarirai ba lallai ta zo da girgiza ba, wani lokaci ƙifta ido ne, ko tsotsar leɓe, ko juya ƙafa kamar mai tuƙa keke. Akwai maganinta a asibiti, kuma a can ne za a auna sukarin jininsa, domin faɗuwar sukari tana ƙara wa ƙwaƙwalwa rauni.

A yi masa addu'a da tofi, amma kada a ɗura wa yaron da ba ya iya tsotso ruwa ko zuma ko jiƙo a baki, zai iya shaƙewa ya tafi huhu. A lulluɓe shi daidai, amma zafi mai yawa ma illa ne ga ƙwaƙwalwar da ta ji rauni. Garwashin da ake sa wa mai jego a ɗaki a rufe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba, irin ta hayaƙin janareta, wadda ke hana jini ɗaukar oksijin. Uwa da ɗa duka tana cutar da su.

Idan kuma watanni sun tafi kuka ga wuyansa bai tsaya ba, ko bai zauna ba a lokacin da sa'o'insa suka zauna, ku kai shi wajen likitan yara da sashen gashin ƙashi tun da wuri. Ƙwaƙwalwar yaro tana iya koyon sababbin hanyoyi, kuma wanda aka fara wa motsa jiki da wuri ya fi samun ci gaba. Ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma laifin uwarsa ba ne. Rauni ne da ya samu, wani a wajen haihuwa, wani kuma daga shawara mai tsanani a makon farko, kuma yana da haƙƙin kulawa kamar sauran 'yan'uwansa.

Masana za su ci gaba da bincikensu, kuma muna fatan wata rana a samu iska ko allura mai araha da za ta kashe wutar nan tun tana ƙarƙashi. Kafin ranar ta zo, abin da ke hannunmu shi ne awo, da haihuwa a gaban ƙwararru, da sa hannu a kan lokaci. Wanda ya karanta ya isar wa maƙwabcinsa da matarsa ke da juna biyu.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.